Wankan Jegon Kubra

"Yo ni wace irin mai jego ce Allah ya haɗa ni da ita? Ganye bai sauka a jiki ba an fara nishi. Mu da muka yi ta haihuwa har muka gaji, wa ya taɓa jin muryarmu ta tsallake katanga?"

Inna Indo ce take wannan faɗa a bayan ɗaki, da damin ganyen darbejiya a hannunta, ga garwar ruwa a gabanta tana tururi. Kubra, matar ɗanta Ishiyaku, tana zaune a kan turmin da aka kife, ta dafe gwiwoyi, baki a buɗe kamar kazar da aka kora da tsakar rana.

"Inna, ba zafin ruwan ba ne. Numfashina ne yake sarƙewa. Da tururin ya taso sai in ji kamar an aza min dutsen niƙa a ƙirji."

"Sanyi ne. Sanyin haihuwa ne yake neman hanyar fita, ke kuma kin tare masa ƙofa da raki. Juyo min bayan nan."

Ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa ta zabga mata. Kubra ta ciji leɓe. Ba ta saba musu da manya ba, balle uwar miji.

Duk unguwarsu a Gwaram an san Inna Indo da iya jego. In mace ta haihu ba ta da uwa a kusa, ita ake aika wa. Ana cewa hannunta yana gasa mace ta fito fes kamar sabuwar amarya. Wannan yabon shi ne jarinta, ta fi ji da shi a kan awakinta. To ga shi yau matar ɗanta ce ta haihu, a ɗakinta, a gaban idon mutane. Haihuwa ta biyu ce, ba a zuwa wankan gida. Ta farkon, Munira, tana can Kiyako wajen mahaifiyar Kubra tun da aka kai ta yaye. Wannan jaririyar, Nasiha, ta Inna Indo ce daga cibiya har arba'in, kuma ta ci alwashin sai an yi labarin jegon nan.

Bayan suna kaɗan ƙafafun Kubra suka soma tashi. Da farko silifas ne ya ƙi shiga. Sannan zoben hannunta ya nutse a cikin nama. Inna Indo ta durƙusa ta danna ƙaurin da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, kamar an danna tuwo.

"Kin gani ko? Ɗanyen jiki. Na faɗa miki ba ki gasu ba. Can gidanku wancan karon wasa da ruwa aka yi, ba wanka ba, shi ne yanzu abin ya taru."

Daga ranar aka ƙara. Wankan safe da na yamma, aka sa na rana a tsakiya. Kanwar kunu, da ana jefa ɗan gutsure, yanzu sai an cika tafin hannu, kunun ya yi baƙi-baƙi yana ɗaci har maƙogwaro. Gadon ƙasan da ke ɗakin yana da rami a ƙarƙashi, nan ake zuba garwashi, a rufe taga da buhu, a saki labule. Lokacin bazara ne fa, lokacin da ƙadangare ma yake neman inuwa. Kubra ba ta iya kwanciya. Da bayanta ya taɓa tabarma sai tari ya turnuƙe ta, ta zabura ta zauna. Sai ta koma barci a zaune, ta jingina da bango, jaririya a cinya.

Ishiyaku direba ne, yana da bas tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Tun da aka yanke sabuwar jiha hanya ta buɗe, ma'aikata da 'yan kwangila da masu neman aiki a Dutse, mota ba ta kwana da yunwa. Kullum sai ya wuce ta ƙofar asibitin Birnin Kudu a tafiya, ya sake wucewa a dawowa.

Ran nan da ya dawo da la'asar ya ɗaga labule, zafin ɗakin ya buge shi, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Mai jego, ya jikin?"

"Baban Munira, shigo ka ga ƙafata."

"Ai ina hangowa daga nan."

"Ba ka gani daga nan. Shigo."

Ya shigo rabi, ya leƙa. Ƙafar ta zama kamar taɓarya, fatar tana ƙyalli. Ta ga fuskarsa ta canza, ta ga tsoro ya gilma a idonsa, sai zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta ce, tana tsinka maganar saboda haki, "Ka tafi da ni gobe. Ka sauke ni a asibiti, ka wuce aikinka. In ka juyo ka ɗauke ni."

Ya sosa ƙeya. "Kin gaya wa Inna?"

"Kai nake gaya wa."

"Kubra, wannan sha'anin mata ne, Inna ta fi mu sani. Mata nawa ta yi wa jego a garin nan? Kuma mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba, iska ta buge ta, wa za a ɗora wa? Ki yi haƙuri, ki dogara ga Allah, shi ne mai magani. Gobe ma shata gare ni, 'yan biki zan kai Basirka."

Ya saki labulen. Ta ji shi a tsakar gida yana tambayar ruwan wanka.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta salla. Jinin biƙi bai ɗauke ba. Sai ta ji ladan ya kira, ta ji ƙarar buta, ta ji Inna Indo ta shimfiɗa buzu, ita kuwa tana nan jingine kamar buhun da aka manta. Kubra ba ta yi karatu mai nisa ba, amma abin da ta riƙe ta riƙe. Tunda ba ta da damar kai goshi ƙasa, sai ta kama abin da harshe zai iya. Hasbunallahu, ta ja numfashi, wa ni'imal wakil. Haka take yi, gutsure-gutsure, daga safe har yamma. In aka zabga mata ganye ta faɗa. In kunun kanwa ya tsaya mata a wuya ta faɗa. Ta kan ce a ranta, Allah, kai ka san ɗakin nan. Kai ka san abin da yake cikin ƙirjina, ni ban sani ba, Inna ba ta sani ba. Ba ni da wurin gudu sai wajenka. In ta faɗi haka sai ta ji hankalinta ya dawo jikinta, ko da numfashin bai dawo ba.

Wata rana Ishiyaku ya dawo da fara'a. Ya zauna a tabarma a tsakar gida yana cin tuwo, yana ba uwarsa labari da ƙarfi, har ɗaki Kubra tana ji.

"Inna, yau Allah ya ba ni lada. Muna wuce wani ƙauye aka tare ni, maciji ya sari wani bawan Allah a gona. Na ce da fasinja ku matsa. Wallahi na taka motar nan kamar ba zan sake hawanta ba. Muna isa malamin asibiti ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani ba shi ba. 'Yan'uwansa har rungume ni suka yi."

"Allah ya yi maka albarka. Haka ubanka yake, ba ya ganin mutum a wahala ya wuce."

Kubra ta dubi ƙafafunta. Ta dubi bangon da ya raba ta da tabarmar. Wani abu ya taso mata wanda ba tari ba ne. Hawayen ma da ya zubo, zafin ɗakin ya shanye shi kafin ya kai haɓa.

Labari ya je Kiyako, Iya Batulu ta zo. Ta zo da ƙullin daddawa da kuka da man shanu a kwalba. Kubra ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kama sunanta, ba ta kallonta ido da ido, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Haka aka tarar, haka ake yi. Ta shiga ɗakin ta zauna a gefe, ta ɗauki jaririya tana yi mata wasa. Sau ɗaya ta saci kallon ƙafar 'yarta. Hannunta ya tsaya cak a kan jaririyar. Ta kawar da kai wajen bango.

"Iya," in ji Kubra.

"Ana haƙuri dai ko?"

"Iya, ba na iya kwanciya."

Iya Batulu ta gyara wa Nasiha hula wadda ba ta karkace ba. Ta tashi ta fita wajen Inna Indo. Kubra ta kasa kunne.

"Sannunku da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Na ce, 'yar nan taku, kamar jikin ya ɗan yi nauyi. Ko za a ɗan leƙa da ita Birnin Kudu, su ma su sa ido?"

"Au. Ashe abin da ya kawo ki ke nan. Ba ma kula da ita."

"Haba, wane mutum. Ni na isa?"

"Itacen da na ƙona a kan 'yar nan, da gasa saniya nake da ta yi laushi. Ƙaurin sa guda ɗana ya saya mata. Ki shiga unguwa ki tambaya wace ce Indo. Asibiti? Abu 'yata da aka kai asibiti da ciwon jego, a me aka dawo min da ita? A likkafani. Ni ba zan sake miƙa 'ya a hannun masu allura ba. Wanda ya ba da ciwo shi zai ɗauke. Ko kuna da wani Allahn a Kiyako?"

"Astagfirullah. Ku yi haƙuri, ba da wata manufa na faɗa ba."

Kowa a gidan ya san Abu sai da ta daina gane mutane aka ɗauke ta, a hanya ma ta kusa cikawa. Amma wa zai faɗa?

Da Iya Batulu za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta juya baya, ta yi wa labule magana. "A ci gaba da addu'a. A bi manya." Ta tafi da hanzari don kada a ga idonta. Ta kiyaye kunya, ta kiyaye zumunci, ta bar 'yarta a kan garwashi.

Kumburin ya hau cinya, ya hau ciki. Cikin ya dawo kamar ba a haihu ba. Fuskar ta cika har idanun suka shige. Nono ya ja baya, Nasiha ta kama ta saki ta tsala kuka. Inna Indo ta ce ba komai, akuyarta tana da nono. Zuwa bayan ɗaki ya zama tafiya, sai Kubra ta tsaya a hanya ta dafa rumbu ta huta. Da Ishiyaku ya ga abin ya ƙi, sai ya tafi wajen Malam Hadi, limamin masallacin unguwa, ya dawo da rubutu a kwalba.

"Ga shi, Malam ya ce ki sha da bisimilla, ki shafa. Kin ga ai ba zaune nake ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sha. Ayar Allah ce, ba ta raina ta.

Washegari da hantsi, Inna Indo ta tafi barka, sai ga Talatu matar Malam Hadi ta shigo. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Tana ɗaga labule ta ja da baya.

"Innalillahi! Wannan ɗaki ne ko tanderu? Kubra, ke ce haka?"

Ta fizge buhun taga ta jefar. Ta kama hannun Kubra ta juya, ta dubi farcen, ta dubi leɓen da ya yi duhu.

"Yaushe za a tafi da ke?"

"Ina?"

"Asibiti mana. Ba jiya Malam ya gaya wa mijinki ba? Ina bayan ƙofar zaure, da kunnena na ji. Ya ce ga rubutu, amma Ishiyaku, ka ɗauki yarinyar nan ka kai ta likita gobe-goben nan, neman magani ba ya kore tawakkali, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Har cewa ya yi amana ce a wuyanka, za a tambaye ka. Bai gaya miki ba?"

Kubra ta dubi kwalbar da ke gefen gado. "Rubutun kawai ya kawo."

"Kan uba! Ya kawo rabin saƙo ya zubar da rabi a kwata." Talatu ta tafa hannu. "Ke, ƙanwata ta Kwandiko haka ta yi, sak. Da aka kai ta suka ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru. Suka ce a daina kanwa, a daina wutar nan. Suka ba ta ƙwaya ta yi ta fitsari kamar an kwance salka. Ga ta can yau tana surfe. Wannan abin da ake ɗura miki shi yake ƙara hura ki."

"Yaya Talatu, yi a hankali, kada Inna ta dawo."

"Ta dawo mana! Wai tawakkali. Mijin naki da kullum da safe sai ya buɗe gaban mota ya duba lagireto, ya taka birki, ya zagaya yana harbin taya da ƙafa. Ran da motar ta yi tari sau ɗaya, kafin azahar tana wajen bakanike. Me ya sa bai ba ta rubutu ya ce ta dogara ga Allah ba? Sai ke, da ba ƙarfe ba?"

Ba ta rufe baki ba Inna Indo ta yi sallama. Ta ga taga a buɗe, ta ga buhu a ƙasa. Abin da ya biyo baya unguwa ta ji. Inna Indo ta ce Talatu ta shigo ta sa wa surukarta iska, in wani abu ya faru ita ce. Talatu ta ce in wani abu ya faru kowa ya san mai garwa. Inna Indo ta ce matar liman ce take raba uwa da ɗa. Aka fito da Talatu tana faɗa har zaure, aka ce kada ta sake taka gidan. Aka mayar da buhu, aka ƙara garwashi don a kori iskar da ta shiga.

Da yamma Kubra ta tare Ishiyaku da maganar.

"Me Malam ya ce maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Kubra, so kike in saɓa wa mahaifiyata? Ni kaɗai na rage mata namiji. In na ɗauke ki, cewa na yi ba ta iya ba, a gaban garin nan duka. Saura ƙiris ki yi arba'in. Ranar da kika yi, wallahi da kaina zan kai ki, har Kano in kina so."

"In na kai."

"Daina faɗin haka. Rai a hannun Allah yake."

"Na sani. Motar ce a hannunka."

Ya fita masallaci, ya tsaya a sahun farko.

To jama'a, a nan ne abin yake ba da haushi. Ba wanda ya zagi Kubra a gidan nan, ba wanda ya hana ta abinci. Kowa sunan Allah ne a bakinsa. Tsohuwa ta ɗauki sunan Allah ta rufe girman kanta. Ɗanta ya ɗauka ya rufe tsoronsa. Uwar da ta haife ta ta ɗauka ta rufe kunyarta. Duk sun jingina da shi don kada su motsa. Mutum ɗaya ce a gidan ta dogara ga Allah da gaske, ita ce wadda ba ta da kowa sai shi, kuma ita suke yi wa wa'azin haƙuri.

Da gari ya waye Kubra ta yi tari a gefen zaninta, ta ga kumfa mai ja-ja. Ta daɗe tana kallonsa. Nasiha tana gefe tana tsotsar hannu, ta gaji da kuka. A bayan ɗaki ta ji Inna Indo tana karya itace, tana jan garwa. A waje kuma ta ji Ishiyaku ya tayar da bas tana ɗumi a ƙofar gida, kamar kullum, 'yan unguwa masu zuwa Birnin Kudu suna shiga tun kafin ya kai tasha.

Ta ce a ranta, Allah, na jira mutane, sun ce in jira ka. Ni kuwa na san ba kai ka rufe tagar nan ba. Ka ba ni ƙafa, ko ta kumbura taka ce. Ka ba ni baki. Ka riƙe ni in kai ƙofar can. In a hanya ka karɓi abinka, na yarda, amma kada ka bar ni in mutu a zaune ina kallon bango.

Ta jawo mayafi ta yafa. Goyo ya gagara, sai ta rungumi jaririyar a kafaɗa. Ta dafa bango ta miƙe, ɗakin ya juya, ta tsaya har ya daidaita. Ba takalmi, babu wanda zai shiga. Ta fito tsakar gida, hasken ya soke mata ido. Hasbunallahu. Ta kai rumbu ta dafa. Wa ni'imal wakil. Ta kai turken awaki. Ta kai zaure, ta jingina da ginshiƙi, ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar zuga-zugi. Daga nan ta hango motar.

Ishiyaku yana tsugune yana duba taya. Wata mai tallan man gyaɗa da ke zaune kusa da ƙofar mota ita ta fara ganinta, ta saki salati. Kai ya juyo ɗaya bayan ɗaya. Kubra ta saki ginshiƙin, ta taka, ta taka, ta kama ƙarfen ƙofar bas da hannu ɗaya ta riƙe.

Wani dattijo mai buhun barkono ya leƙo ta taga. "Subhanallahi. Direba, wannan baiwar Allah daga gidanka ta fito?"

Ishiyaku ya miƙe, hannunsa duk baƙin mai. "Kubra! Me ya fito da ke? Koma ciki, mutane suna kallo."

"Su kalla."

"La ilaha illallahu!" Inna Indo ce ta fito zaure da gudu, ganye a hannunta yana ɗigar ruwa. "Mai jego a titi! Ba arba'in, ba takalmi, da jaririya a iska! Yarinyar nan so take ta kashe kanta a ce ni ce. Ishiyaku, kama ta ka mayar min da ita, ruwa yana hucewa."

Kubra ba ta saki ƙarfen ba. Ta juyo da kai kaɗan.

"Inna, na yi wankanki. Na sha kanwarki. Ban taɓa ce miki a'a ba. Allah ya saka miki, kin yi iyakar abin da kika sani. Amma mutuwa nake, Inna."

"Kin ji ta! Ta san gaibu yanzu! Ishiyaku, wallahi in ka ɗauke ta daga ƙofar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Mai man gyaɗa ta ɗauke gwangwaninta daga kujera ta ɗora a cinya, ta matsa jikin taga, ta share wurin da gefen mayafinta. Dattijon ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah." Daga can ƙofar gidan liman Talatu ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ishiyaku ya dubi uwarsa, ya dubi ganyen da ke hannunta, ya dubi ƙafafun matarsa a kan ƙasa, kumburarru, tsirara. Makullin ƙofar direba yana hannunsa yana jujjuya shi.

Kubra ta jingina da jikin motar. Ta ƙara matse jaririyar. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki, ko a bayan idonsa. Ta tattara sauran numfashin da ya rage mata.

"Ishiyaku. Ka ɗauki wanda maciji ya sara, ba ka san sunansa ba. Ni ka san nawa. Ba sai a kujera ba, ko a baya wajen buhuna. Don Allahn da ka ce in dogara da shi, ka kai ni."